Dublin Unguwa-Unguwa: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Gani a Babban Birnin Ayalan

Da abubuwa biyu aka fi tallar Dublin: kofin baƙar giya mai kumfa, da jajayen mashayun unguwar Temple Bar. Tallar ta karɓu, domin gidan baje kolin kamfanin Guinness kaɗai yana karɓar baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekara. Sai dai ta rage wa garin daraja, ta kuma sa matafiyin da ba ruwansa da giya yana ganin babu abin da zai kai shi can. Wannan kuskure ne babba. Dublin gari ne na littattafai, kuma babban birnin mutanen da suka sha mulkin mallaka na ɗaruruwan shekaru, suka sha yunwa, suka watsu duniya neman abin kai wa baka, sannan a 'yan shekarun nan suka wayi gari wasu ne ke yin ƙaura zuwa wurinsu. Kowace unguwa tana riƙe da nata kason na wannan tarihi. Wanda ya san yadda unguwannin suka samu, shi ne zai san inda ya kamata ya ɓata lokacinsa da inda zai leƙa ya wuce.

Kogi ɗaya, gari biyu

Garin ba shi da girma. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum kusan dubu 593 ne a cikin birnin kansa, kusan miliyan 1.46 kuma a lardin baki ɗaya, cikin al'ummar ƙasa da ta ɗan haura miliyan 5. Kogin Liffey ya ratsa shi daga yamma zuwa gabas ya faɗa teku, ya raba shi gida biyu. Hatta lambobin gidan waya sun bi wannan rabo: unguwannin arewa suna da lambobi irin su 1 da 3 da 7, na kudu suna da 2 da 4 da 6, in ban da 'yan wurare kaɗan.

An daɗe ana kallon kudu a matsayin ɓangaren masu hali, arewa kuma ta 'yan ƙwadago. Abin yana da asali. A farkon ƙarni na 18 attajirai a arewa suke zaune. A 1745 wani babban basarake, Earl na Kildare, ya fara gina ƙasaitaccen gidansa a kudu, wanda yau ake kira Leinster House, sai masu kuɗi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Daga baya, a 1801, Ingila ta rushe majalisar dokokin Ayalan ta haɗe ƙasar da Birtaniya. Manya da yawa suka kwashe zuwa Landan, gidajensu na arewa suka koma hannun masu ba da haya, aka yayyanka su ɗaki-ɗaki aka cusa talakawa. Baƙin da ke tsayawa a kudu kawai suna ganin rabin da aka goge aka gyara. Sai an tsallaka gada ake ganin ɗayan rabin.

Tsohon gari da taskar Chester Beatty

Tushen birnin yana kudancin kogi, a kan ɗan tudun da mayaƙan ruwa na Viking suka kafa sansani a 841. Mutanen Norman daga Ingila suka ƙwace garin a 1170, sannan a 1204 Sarki John na Ingila ya ba da umarnin gina fadar da ake kira Dublin Castle. Daga wannan fada aka riƙa mulkin Ayalan da sunan sarautar Ingila har zuwa 16 ga Janairun 1922, ranar da aka miƙa ta ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ayalan ƙarƙashin Michael Collins. A nan ake rantsar da shugabannin ƙasa yanzu. Kusa da ita akwai tsofaffin majami'u biyu, Christ Church wadda asalinta ya kai wajen 1030, da St Patrick's inda marubuci Jonathan Swift ya yi shugabanci daga 1713 zuwa 1745. Dukansu na ɗariƙar Angilika ne a garin da mafi yawan Kiristocinsa Katolika ne, kuma wannan ma gadon mulkin mallaka ne. A gefen St Patrick's akwai ɗakin karatu na Marsh, wanda aka buɗe a 1707, na farko da aka yi domin jama'a a ƙasar.

Amma wurin da ya fi cancantar lokacin mai karatun Hausa yana bayan fadar, a cikin lambu: gidan tarihi na Chester Beatty. Alfred Chester Beatty Ba'amurke ne, injiniyan haƙar ma'adinai, wanda ya tara dukiya mai yawa, musamman daga tagullar ƙasar da yau ake kira Zambiya. Ya kashe kaso mai tsoka na kuɗinsa wajen sayen tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya koma Dublin da zama a 1950, ya bar wa al'ummar Ayalan taskar bayan rasuwarsa a 1968. A cikinta akwai kwafin Alƙur'ani da juzu'ansa fiye da 260. Mafi shahara shi ne wanda gwanin rubutu Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira, wato wajen shekara ta 1000 Miladiyya, kuma shi kaɗai ne aka sani ya rage daga Alƙur'anan da ya rubuta da hannunsa. Akwai kuma wasu daga cikin tsofaffin takardun Linjila da suka fi daɗewa a duniya, da zane-zanen Farisa da Indiya da Sin da Japan. Ana sauya abin da ake bajewa lokaci-lokaci saboda haske yana cin takarda, amma duk ranar da mutum ya je zai ga abin da zai tsayar da shi. Wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara da tawada zai gane irin haƙurin da ke bayan kowane layi. Zai kuma tambayi kansa yadda arzikin ƙasar Afirka ya sayi littattafan Gabas ya ajiye su a Turai. Tambayar tana bisa hanya. Abin da za a yaba wa gidan shi ne ya adana su da mutunci, ya buɗe ƙofa ga kowa ba tare da karɓar kuɗin shiga ba.

Jami'ar Trinity da unguwar jan bulo

Tafiyar minti goma gabas da fadar, sai Kwalejin Trinity, wadda Sarauniya Elizabeth ta Farko ta kafa a 1592. Tarihinta shi ne tarihin rabuwar addini a ƙasar: sai a 1793 aka yarda Katolika su sami digiri a cikinta, cocin Katolika kuma ya ci gaba da hana mabiyansa shiga ba da izini ba har 1970. A nan Jaja Wachuku, ministan harkokin wajen Najeriya na farko, ya yi karatun lauya. Baƙi suna yin layi ne domin Littafin Kells, Linjila huɗu da Latin, wadda sufaye suka rubuta a kan fatar maraƙi wajen shekara ta 800, suka ƙawata ta da zane mai sarƙaƙiya. Shafuka kaɗan ake buɗewa a lokaci guda, kuma tikitin yana da tsada, saboda haka wanda ya je da tsammanin zai yi ta juya shafi zai dawo da ƙorafi. Dogon zauren littattafai da ke sama, mai tsawon mita 65, shi ne ke cika kuɗin.

Daga Trinity zuwa kudu aka shiga unguwar gidajen jan bulo na ƙarni na 18, masu hawa huɗu da ƙofofi masu launi. Titin Grafton na masu tafiya a ƙasa ne, cike da shaguna da makaɗan titi, ya ɓulle a lambun St Stephen's Green, wanda wani ɗan gidan Guinness ya gyara da kuɗinsa aka buɗe wa jama'a a 1880. A dandalin Merrion akwai gidan da marubuci Oscar Wilde ya tashi. Kewaye da Leinster House, inda majalisar dokoki ke zama yanzu, gidajen tarihin ƙasa suke, kuma duk kyauta ake shiga. A na titin Kildare akwai kayan zinariya da suka haura shekara 3,000, da gawarwakin mutanen da ƙasar fadama ta adana tun kafin zuwan Kiristanci. A gidan zane-zane na ƙasa akwai aikin mai zane Caravaggio da aka ɗauka ya ɓata, sai a 1990 aka gane shi rataye a ɗakin cin abincin wasu limaman Katolika a Dublin. Ƙaramin gari ne, amma an haifi mutum uku da suka ci kyautar Nobel ta adabi a cikinsa ko a gefensa: Yeats a 1923, Shaw a 1925, Beckett a 1969. A 2010 hukumar UNESCO ta sa shi cikin biranen adabi.

Arewacin kogi

Gadar O'Connell ta kai mutum babban titin da ke ɗauke da wannan suna. Daniel O'Connell lauya ne da ya jagoranci gwagwarmayar da ta ba Katolika damar zama a majalisar Birtaniya a 1829, ba tare da ɗaukar makami ba. A tsakiyar titin babban gidan waya yake. Ranar 24 ga Afrilun 1916 'yan tawaye suka mamaye shi, ɗaya daga cikin shugabanninsu, Patrick Pearse, ya tsaya a ƙofa ya karanta shelar kafa jamhuriya. Kwana shida aka yi ana ɓarin wuta kafin su miƙa wuya, kuma har yau ana nuna tabon harsashi a ginshiƙan ginin da gumakan titin. Doguwar allurar ƙarfe mai tsawon mita 120 da ke gabansa an kafa ta ne a 2003, a gurbin ginshiƙin jarumin sojan ruwan Birtaniya, Nelson, wanda aka tarwatsa da bam a 1966.

Gidan da ya fi bayyana rayuwar talakan Dublin shi ne mai lamba 14 a titin Henrietta. An gina shi a shekarun 1740 domin iyali ɗaya na masu sarauta. A ƙidayar 1911 mutum kusan 100 ne ke kwana a cikinsa, kuma sai a ƙarshen shekarun 1970 'yan hayar ƙarshe suka fita. An mai da shi gidan tarihi a 2018, ba a ɓoye komai ba: ado na farar ƙasa a saman ɗaki, a ƙasa kuma gado ɗaya na yara da yawa. Wanda ya ga wannan ɗaki zai fahimci dalilin da ya sa ma'aikata kusan dubu 20 suka yi watanni suna arangama da masu kamfanoni a 1913 ƙarƙashin Jim Larkin, wanda gunkinsa ke tsaye a titin O'Connell da hannuwa a sama.

Bayan gidan wayar akwai titin Moore, tsohuwar kasuwar kayan lambu, inda shugabannin tawayen 1916 suka yanke shawarar ajiye makamai. Yau 'yan kasuwar gado suna raba titin da shagunan 'yan Afirka da Asiya da Gabashin Turai. A kewayen nan ake samun doya da garin rogo da manja da naman halal, ana kuma jin harsuna iri-iri. Titin Parnell da ke kusa ya cika da gidajen abincin Sin da Koriya. Wurin ba shi da ƙyalli, amma a nan ake ganin Dublin ta yau da ido.

Gaba kaɗan filin wasa na Croke Park yake, mai cin mutum fiye da dubu 82. Hedikwatar ƙungiyar wasannin gargajiya ce da aka kafa a 1884 domin kare al'adun ƙasar daga na Ingila. Ana buga ƙwallon Gaelic, wadda ake haɗa hannu da ƙafa, da wasan hurling na sanda da ƙaramar ƙwallo, kuma 'yan wasan ba sa karɓar albashi: malamin makaranta ko manomi ne zai buga wa lardinsa a gaban wannan taro, ranar Litinin ya koma bakin aiki. Ranar 21 ga Nuwamban 1920 dakarun Birtaniya suka buɗe wuta a kan 'yan kallo suka kashe mutum 14, bayan an kashe jami'ansu da safiyar ranar. A nan Muhammad Ali ya yi dambe a 1972. A nan kuma, a ƙarshen Yulin 2020, lokacin annobar korona, aka ba Musulmi fili suka yi sallar Idin layya, shugabannin Kirista da na Yahudu suna wurin. Filin da mutanen ƙasar ke ɗauka da wannan nauyi ba a ba da shi da wasa.

Daga nan maƙabartar Glasnevin ba ta da nisa. O'Connell ne ya sa aka buɗe ta a 1832 domin a binne kowa bisa addininsa. Mutum kusan miliyan ɗaya da rabi ke kwance a ciki, har da O'Connell da Collins da Chester Beatty. Lambun tsirrai na ƙasa, wanda aka kafa a 1795, yana jikin katangarta, shi ma kyauta.

Yamma: Liberties da kurkukun Kilmainham

Unguwar Liberties tana yamma da tsohon gari. A zamanin da bayan ganuwa take, ba ta ƙarƙashin dokar birni, kamar yadda Kano ke da cikin birni da waje. Masaƙa da majema da masu dafa giya suka zauna a cikinta, kuma har yau titunan Thomas da Meath suna da kasuwanci irin na unguwa, inda mai shago ya san abokin cinikinsa da suna. A nan Arthur Guinness ya karɓi hayar wata matacciyar masana'anta a 1759, hayar shekara 9,000 a kan fam 45 a shekara. Masana'antar farko da kamfanin ya gina a wajen Ayalan da Birtaniya a Ikeja take, a Legas, tun farkon shekarun 1960. Wanda addininsa ko ra'ayinsa ya hana shi shiga gidan baje kolin bai yi asarar fahimtar unguwar ba. Jajayen gidajen Iveagh da iyalin suka gina wa talakawa kusa da St Patrick's suna bakin titi, suna nuna yadda kamfani ɗaya ya riƙe rayuwar unguwa guda.

Idan wuri ɗaya kawai za a biya kuɗin shiga a Dublin, to kurkukun Kilmainham ne. An buɗe shi a 1796, aka rufe a 1924, kuma kusan duk wanda ya jagoranci tawaye a wannan tsakani ya kwana a ciki. Lokacin babbar yunwar 1845 zuwa 1852 an tsare mata da yara a nan saboda satar abinci ko bara. Tsakanin 3 da 12 ga Mayun 1916 aka harbe shugabannin tawaye 14 a farfajiyarsa. An ɗaura wa Joseph Plunkett aure da Grace Gifford a cocin kurkukun sa'o'i kaɗan kafin a kashe shi. James Connolly, wanda rauni ya hana shi tsayuwa, a kan kujera aka ɗaure shi aka harbe. Da farko mutanen Dublin da yawa ba su goyi bayan tawayen ba, domin ya rushe musu gari. Waɗannan kashe-kashe ne suka juya zukata, cikin shekara shida kuma Birtaniya ta bar fadar. Tikiti yana ƙarewa makonni kafin ranar, saboda haka a saya ta intanet tun kafin a taso.

Tsallaken kogi daga nan gandun Phoenix yake, mai faɗin hekta 707, da garken barewar da ke yawo a sake tun ƙarni na 17. Gidan shugaban ƙasa yana ciki, da gidan namun daji da aka buɗe a 1831. Wuri ne na iyali da yara, kuma da keke aka fi jin daɗinsa. A hanyar dawowa ana ratsa Stoneybatter da Smithfield, tsofaffin unguwannin ma'aikata da matasa masu albashi suka cika da ƙananan gidajen shayi da gahawa, kuɗin haya kuma ya tashi tare da su.

Bakin tasha: yunwa da sabon arziki

Gabas da gadar O'Connell, a bakin kogi, akwai gumakan tagulla na mutane ramammu, sanye da tsumma, suna nufar jirgi. Rowan Gillespie ne ya ƙera su a 1997 domin tunawa da babbar yunwar 1845 zuwa 1852. Cuta ta kama dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka, alhali ana ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga ƙasar zuwa Birtaniya. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka yi hijira. A 1841 tsibirin yana da mutum fiye da miliyan 8, kuma har yau bai koma wannan adadi ba. Cikin waɗanda suka aiko da taimako akwai Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, da fam 1,000 a 1847. Kusa da gumakan akwai kwaikwayon jirgin ruwan Jeanie Johnston da ya riƙa kai masu hijira Amurka ta Arewa, da gidan tarihin hijira na EPIC da aka buɗe a 2016. Wannan tabo ne ya sa mutanen Ayalan ba sa jin labarin yunwa su kau da kai. Ƙungiyar agaji ta Concern a Dublin aka kafa ta a 1968, saboda yunwar yaƙin basasar Najeriya.

A wannan bakin kogi kuma, inda 'yan dako suka yi ta sauke kaya, yanzu benayen gilashi ne. Tun da aka kafa cibiyar hada-hadar kuɗi a 1987, ƙaramin harajin kamfanoni da harshen Ingilishi da zama cikin Tarayyar Turai suka jawo Google da Facebook da ire-irensu suka kafa ofisoshinsu na Turai a Dublin. Tsakanin gumakan yunwa da waɗannan benaye tafiyar 'yan mintuna ce, kuma babu inda ya fi nan nuna nisan da ƙasar ta yi.

Portobello da masallaci

Kudu da St Patrick's, a gefen magudanar Grand Canal, unguwar Portobello take. A ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawa daga Lituweniya suka zauna a nan, kuma akwai ƙaramin gidan tarihinsu da aka buɗe a 1985. Da suka ragu, wasu baƙin suka maye gurbi. Ɗalibai Musulmi, da yawansu masu karatun likita, suka kafa ƙungiya a 1959, suka buɗe masallacin farko a 1976, sannan a 1983 suka sayi wata tsohuwar majami'a a titin South Circular suka mai da ita Masallacin Dublin. A kewayensa akwai mahauta da gidajen abincin halal. A Clonskeagh kuma akwai babbar cibiyar Musulunci da iyalin Al Maktoum na Dubai suka gina a 1996. Ƙidayar 2022 ta nuna Musulmi kusan dubu 82 a ƙasar. Matafiyin da ke son masauki kusa da sallah da abinci, kuma ba nesa da tsakiyar gari ba, wannan yanki ya fi dacewa da shi.

Temple Bar da bakin teku

Temple Bar ba abin ƙi ba ce gaba ɗaya. An so a rushe ta a gina tashar bas, sai masu zane da ƙananan 'yan kasuwa da suka karɓi haya mai araha suka yi tsayin daka, gwamnati ta mai da ita unguwar al'adu daga 1991. Da rana akwai gidan fina-finai da wuraren baje hotuna da kasuwar abinci ta ranar Asabar, ga gadar ƙarfe ta Ha'penny ta 1816 a bakinta. Da dare ta masu shaye-shaye ce, da hayaniya da tsada. Awa ɗaya da hantsi ta isa.

Ranar da rana ta fito, jirgin ƙasa na DART, wanda ke bin gaɓar teku tun 1984, ya fi kowace motar yawon buɗe ido. Arewa yana kaiwa Howth, garin masunta mai hanyar ƙafa a kan duwatsu da soyayyen kifi a bakin tasha. Kudu yana kaiwa Dún Laoghaire mai doguwar madatsar ruwa da ake takawa, da Sandycove inda hasumiyar da marubuci James Joyce ya buɗe littafinsa Ulysses da ita take, da tudun Killiney da ake hango gari da teku daga kansa.

Abin da tallar ba ta faɗa

Dublin tana da tsada, kuma masauki ne ya fi ci. Ƙarancin gidaje ya daɗe yana addabar garin, har matasa masu aiki suna kasa kama hayar ɗaki, baƙo kuma zai ga marasa matsuguni a manyan tituna. Wasu sun juya wannan ƙunci a kan baƙin haure. Ranar 23 ga Nuwamban 2023, bayan wani ya daba wa yara wuƙa a ƙofar makaranta a dandalin Parnell, aka zuga jama'a ta kafafen sada zumunta, aka ƙone motocin bas da jirgin kan titi, aka fasa shaguna. Cikin waɗanda suka tare maharin da hannunsu akwai ɗan ci-rani daga Brazil. Kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar a waje aka haife shi, kuma yawancin mutanen gari masu fara'a ne da son hira, amma baƙar fata ya kula da inda yake bi da tsakar dare, kamar a kowane babban birni.

Ayalan ba ta cikin yankin Schengen. Ɗan Najeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Ayalan ta kanta, kuma kada ya dogara da ta Birtaniya ko ta Faransa. Yuro ake kashewa, mota a hagu take tafiya, kuma babu jirgin ƙasa daga filin jirgin sama, sai bas ko tasi. Katin Leap yana aiki a bas da jirgin kan titi na Luas da DART, ya kuma fi biyan tsaba araha. Ruwa yana iya sauka kowane wata, saboda haka rigar ruwa ta fi laima, wadda iska ke karyawa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 4 ta faɗi. Mai sallah da mai azumi su duba jadawalin masallaci tun kafin su sa ranar tafiya.

Yadda za a raba kwanaki

Kwana uku sun isa a ga jigon garin. Ranar farko ta kudu: Chester Beatty da safe, Trinity da gidajen tarihin ƙasa da yamma. Ta biyu ta arewa: gidan waya, titin Henrietta, titin Moore, sannan Croke Park ko Glasnevin. Ta uku Kilmainham da safe, gumakan yunwa da azahar, jirgin bakin teku da la'asar. Wannan tsari yana da dalili. Wanda ya ga fadar kafin kurkuku, ya ga gidan masu sarauta kafin ɗakin 'yan haya, ya haɗa jirgin hijira da shagunan titin Moore, zai gane cewa abu ɗaya ne ya haifi ɗaya. Mu da muka san mulkin Turawa da fari da ci-rani ba ma buƙatar tafinta kafin mu fahimci wannan gari. Muna kuma da abin koya a cikinsa: mutanen Dublin ba su rushe kurkukunsu da gidajen talaucinsu don kunya ba, sun gyara su, sun sa masu bayani, suna kai 'ya'yansu su gani. Tsofaffin ganuwoyinmu da gidajen sarauta da littattafan malamanmu da ke lalacewa a cikin adaka sun cancanci irin wannan riƙo.